Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirya Injin Ɗakin Sanyi Kafin Kunnawar Farko

Waɗannan tambayoyi ne da masu ɗakunan sanyi da masu masana'antar ƙanƙara da matasan makanikai suke yawan yi idan an gama haɗa sabon inji, ya rage a tayar da shi. Bayanin ya shafi manyan injuna masu aiki da wuta mai layi uku, irin waɗanda ake ajiyar daskararren kifi da nama da madara da magunguna da su. Alƙaluman da aka kawo na gama-gari ne, duk inda littafin kamfanin da ya ƙera injin ya faɗi wani abu daban, maganarsa ce a gaba. Ma'aunin zafi kuwa na Salsiyos ne.

An gama haɗa komai, wuta ma an jawo. Me zai hana a kunna yau?

Abin da zai hana shi ne ba a san halin da cikin bututun yake ba tukuna. Injin sanyi rufaffiyar hanya ce da gas da mai suke zagayawa a cikinta shekara da shekaru, kuma duk abin da aka rufe da shi a ranar farko, ko danshi ne ko ƙura ko ɓarɓashin walda, yana nan yana zagayawa tare da su. Injin da aka tayar da gaggawa yakan ba da sanyi a ranar, mai shi ya yi murna ya biya ɗan kwangila, sai bayan wata uku ko huɗu kwampireso, wato sashen da ke matsa gas yana tura shi cikin bututu, ya ƙone, a ɗora laifin a kan wuta ko a ce kayan ba masu kyau ba ne. Sau da yawa asalin ɓarnar tun ranar kunnawa aka yi ta. Aikin da ke tsakanin gama haɗi da kunnawa yakan ci kwanaki ko a ƙaramin ɗaki, a babbar masana'anta kuwa makonni, don haka kada a yi alƙawari da direban tirelar kifi sai an san ranar da gwaji zai ƙare.

Me ake dubawa da ido kafin a taɓa gas ko wuta?

Ana bin bututu tun daga kwampireso har ɗaki ana gwada shi da zanen aikin. Ana duba ko bututun dawowa ya ɗan gangaro zuwa wajen kwampireso domin mai ya sami hanyar komawa, da ko an yi masa ƴar lanƙwasa mai tara mai a ƙasan duk inda ya miƙe sama. Wasu injunan suna zuwa da kusoshin da aka ɗaure ƙafafunsu da su saboda jijjigar hanya, dole a sassauta su yadda littafi ya ce. Ana juya kowace fanka da hannu a ji ko tana gogar wani abu, a ƙara ɗaure kowace waya a akwatin wuta, a tabbatar kondansa, wato sashen da ke fitar da zafin gas zuwa waje, yana da sararin shan iska, ba a manna shi da bango ba, kuma iskar zafin da yake fitarwa ba ta komawa cikinsa. Hannun buɗe ƙofa daga ciki shi ma a gwada shi, da mutum a ciki da wani a waje.

Yaya ake gwada ko akwai inda gas zai zube, kuma me ya sa aka nace sai naitirojin?

Ana cika bututun da busasshen naitirojin ta hanyar regileta, wato na'urar rage matsin silinda, ana ƙara matsin mataki-mataki har ya kai adadin da aka rubuta a jikin injin, ana dakatawa a kowane mataki a saurara. Regileta wajibi ce, domin matsin da ke cikin cikakkiyar silindar naitirojin ya ninka abin da bututun zai iya ɗauka sau da yawa. Kafin a fara, ana ware sassan da ba za su jure matsin gwaji ba, sannan a buɗe bawul-bawul masu aiki da wuta domin kada wani yanki na bututun ya kasance a rufe gwajin bai kai gare shi ba. Daga nan sai a bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu, musamman bayan bututu ta ɓangaren bango inda harshen wutar walda bai cika kaiwa ba.

An zaɓi naitirojin ne saboda ba ya kama wuta kuma ba ya ɗauke da danshi. Iskar injin bayar da iska na faci tana shigowa da ruwa. Oksijin kuwa, wanda yake kusa da hannu tunda da shi ake walda, idan ya haɗu da mai a ƙarƙashin matsi fashewa yake yi, kuma ya kashe makanikai a wurare da dama. Duk wanda ya ga an jawo silindar oksijin za a yi gwajin matsi da ita, ya tsayar da aikin nan take, ko da shi ba makaniki ba ne.

Naitirojin yana da wani aikin tun kafin nan. Lokacin waldar bututun jan ƙarfe ana barinsa yana ɗan kwarara a ciki, idan ba haka ba cikin bututun zai yi baƙin ɓawo, wanda daga baya mai zai wanko shi ya je ya toshe matata da bawul.

An bar matsi ya kwana, da safe ya ɗan sauka. Shi ke nan akwai yoyo?

Ba lallai ba ne. Matsin iskar da ke rufe yana bin zafin wurin. Idan an cika bututu zuwa bar 20 (bar ma'aunin matsi ne) da yamma ana zafin digiri 30, da asuba gari ya sauko zuwa digiri 20, geji zai ragu da kusan bar 0.7 ko da babu ko ƙofar allura a jikin bututun. Shi ya sa ake rubuta matsi da zafin gari tare a lokacin da aka rufe, kuma a sake karantawa bayan awa 24, wato a daidai lokacin da aka fara. Idan zafin ya dawo yadda yake amma matsin bai dawo ba, to a koma neman yoyo.

Mene ne amfanin bakyum, kuma har ina ake kai shi?

Bayan an saki naitirojin, ana haɗa famfon bakyum ya zuƙe duk abin da ke cikin bututun. Iska ce take fara fita, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Abin da ke jan lokaci shi ne ruwa, domin sai matsin ya yi ƙasa ƙwarai sannan danshin da ya manne a jikin bututu yake zama tururi famfo ya janye shi. Iskar da aka bari a ciki takan taru a kondansa ta ɗaga matsi, injin ya riƙa shan wuta fiye da kima. Ruwa ya fi ta ɓarna: yana daskarewa a bakin bawul ɗin feshi, wanda ke fesa gas cikin bututun da ke sanyaya ɗaki, ya toshe shi, kuma yana haɗuwa da mai ya zama asid mai cin rufin wayar kwayil ɗin da ke cikin kwampireso. Man da ake amfani da shi a injuna masu gas irin R404A da R134a da makamantansu yana jan danshi daga iska da sauri, shi ya sa ba a barin galan ɗinsa a buɗe, ba a kuma barin kwampireso a buɗe ana jiran a dawo daga cin abinci.

Abin da aka saba nema shi ne maikiron 500 ko ƙasa da haka; maikiron ma'aunin ɗan matsin da ya rage a cikin bututun ne. Matsin iskar da muke shaƙa ya kai kusan maikiron 760,000, don haka gejin hannu mai allura ba zai iya nuna wannan bambanci ba. Allurarsa takan kwanta a ƙarshe tun aikin bai yi nisa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke kashe famfo. Sai da gejin maikiron na lantarki, a ɗaura shi nesa da famfo, a kuma zuƙa ta ɓangarorin biyu da gajerun tiyo masu faɗi. A dogon bututu, ko aikin da aka yi da damina, ana zuƙewa, a sake sa naitirojin, a sake zuƙewa har sau uku.

Idan an kai adadin, sai a rufe bawul ɗin famfo a zuba wa gejin ido. Idan lambar ta ɗan hau ta tsaya cak a ƙasa, aiki ya yi. Idan ta hau sosai sannan ta tsaya, akwai sauran ruwa. Idan kuwa ta ci gaba da hawa ba tsayawa, iska ce ke shiga ta wani wuri, sai a koma gwajin matsi.

Ba za a iya amfani da kwampireson kansa ya zuƙe iskar ba?

A'a. Ba zai kai zurfin da ake so ba, kuma kwayil ɗin kwampireso rufaffe yana iya yin tartsatsi ya ƙone idan aka ba shi wuta alhali cikinsa babu gas. Saboda wannan dalilin ma ba a yi masa gwajin rufin waya da mega, wato na'urar da ke tura wuta mai ƙarfi cikin kwayil, yana cikin bakyum.

Me ya sa ake cewa a kunna hitar mai tun jiya?

Idan inji yana tsaye, gas yakan bi sanyi ya narke cikin man da ke ƙasan kwampireso. Da an tayar da shi, matsin wurin sai ya faɗi farat ɗaya, gas ɗin ya tafasa, man ya yi kumfa ya bi bututu ya tafi, boris da fistin su yi ta juyawa babu isasshen mai a mintunan da suka fi buƙatarsa. Hitar tana ɗumama man ta kori gas ɗin. Yawancin kamfanoni suna neman a ba ta aƙalla awa 12, wasu har 24. A wurin da wuta ba ta tsayawa, wannan yana nufin a ƙona man janareta dare guda saboda ƴar hitar da ba ta fi ƙwan fitila biyu shan wuta ba, abin da masu wuri ba sa son ji.  Kafin a kunna, a taɓa ƙasan kwampireson a ji ɗumi, a kuma duba gilashin mai a ga yana inda littafi ya ce, galibi kusa da rabi.

Wane gwaji ake yi wa wutar kanta?

Abu uku ake aunawa: ƙarfinta, daidaiton layukanta, da jerinsu. Ƙarfin kada ya kauce wa abin da ke rubuce a jikin injin da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Bambanci tsakanin layuka ukun kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari, kuma lissafinsa ba wuya. Idan mita ta nuna bolt 400 da 405 da 380, matsakaicinsu 395 ne, wanda ya fi nisa da shi ya kauce da 15, wato kusan kashi 3.8 cikin ɗari. Injin zai tashi a haka, amma kwayil ɗaya zai riƙa zafi fiye da sauran har ranar da zai ƙone.

Jerin layuka shi ke sa motar lantarki ta juya dama ko hagu. Kwampireso mai fistin galibi bai damu ba, amma irin sukurol da sukuru hanya ɗaya suke juyawa. Sukurol da ke juyawa baya yana ƙara mara daɗi, gejin sama (na babban matsi) ba ya hawa, na ƙasa (na ƙaramin matsi) ba ya sauka, wutar da yake ja ba ta kai yadda ya kamata ba; a kashe shi cikin daƙiƙoƙi a musanya waya biyu. Fankokin kondansa ma a duba su ɗaya bayan ɗaya, domin fanka mai juyawa baya tana motsa iska har a ɗauka lafiya take.

Duk wannan gwajin sau biyu ake yi, a wutar gari da kuma a janareta, saboda jerin layukansu yana iya saɓawa. Jerin wutar gari ma yana iya juyawa duk ranar da aka gyara taransifoma ko aka sake haɗa waya a kan fal, don haka na'urar da ke hana inji tashi idan layi ya juya ko ya ɗauke ba abin ado ba ce. Janaretan kuma a auna shi da wutar tashi, ba wutar tafiya kaɗai ba, domin motar da aka haɗa kai tsaye tana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarta a daƙiƙoƙin farko.

Yaya ake zuba gas, kuma ta yaya za a san mai kyau ne?

Da sikeli ake zubawa, a rubuta nauyin silinda kafin da bayan. Kason farko ana sa shi ne a matsayin ruwan gas, ba tururinsa ba, ta ɓangaren babban matsi injin yana kashe, ragowar a ƙarasa a hankali bayan ya tashi, ba tare da an bar ruwan gas ya kwarara kai tsaye cikin kwampireso ba. Gas irin R404A da R407C haɗin gas uku ne, don haka a matsayin ruwa ake fitar da su daga silinda. Idan tururi aka ɗiba, haɗin yana canzawa. Kumfa a gilashin leƙe, wato ƴar tagar gilashi da ke jikin bututun ruwan gas, ba koyaushe take nufin gas ya yi kaɗan ba, musamman ɗaki yana da zafi ana kan saukar da shi, kuma wanda ya bi kumfa kaɗai yakan cika injin fiye da kima.

Jabun gas yana kasuwa, fenti da lambar silinda ba shaida ba ne. A 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Burazil har aka rasa rayuka, bincike ya gano an gauraya R134a ɗin da aka zuba musu da wani gas mai suna R40, wanda ke cin alminiyon. A saya daga dila da aka sani, a gwada matsin silindar da jadawalin gas ɗin a zafin wurin, idan akwai na'urar tantance gas a yi amfani da ita. Wanda aka kawo wa sabon inji mai gas R22 kuma ya sani cewa ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa suna kan hanyar daina amfani da shi zuwa 2030.

Na'urorin kariya sababbi ne daga kamfani. Sai an gwada su?

Sai an gwada, kowacce da kanta. Makunnin babban matsi ana gwada shi ta hanyar tsayar da fankar kondansa ana kallon geji, hannu yana kan makashin wuta, a ga ko ya yanke a lambar da aka saita shi. Na ƙaramin matsi ana rufe bawul ɗin ruwan gas a hankali. Haka ake bin na matsin mai, da na yawan jan wuta, da agogon da ke hana inji sake tashi nan da nan bayan ya tsaya. Duk wata gajerar waya da aka tsallake makunni da ita lokacin gwaji, a cire ta kafin a bar wurin, a kuma ƙirga.

Idan an danna makunni, me ake kallo?

Tun kafin a danna, a tabbatar bawul ɗin fita na kwampireso a buɗe yake gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya a gejin matsi, ɗaya a mitar wuta, ɗaya a gilashin mai. A mintunan farko ana sauraren ƙwanƙwasa, alamar ruwan gas yana dawowa. Mai yakan ragu a awannin farko saboda yana shafe cikin sabon bututu. A ƙara kaɗan idan ya sauka ƙasa da iyaka, amma idan ana ta ƙarawa ba ya dawowa, matsalar a shimfiɗar bututu take, kuma ranar da ya dawo gaba ɗaya zai yi ɓarna.

Idan ɗaki ya kusa kai sanyinsa sai a auna sufahit, wato yawan digirin da gas mai fitowa daga kwayil ɗin ɗaki (naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya ɗakin) ya ɗara zafin tafasarsa. A injin R404A, idan gejin ƙasa yana nuna kusan bar 1, gas ɗin yana tafasa ne a wajen digiri 30 ƙasa da sifili; idan ma'aunin da aka manna a bututun fita ya nuna 23 ƙasa da sifili, sufahit 7 ke nan, wanda yake cikin abin da aka saba nema a wurin. Idan ya yi kusa da sifili ruwan gas na iya kaiwa kwampireso, idan ya yi yawa ɗaki ba zai yi sanyi sosai ba kuma kan kwampireso zai yi zafi. Bawul ɗin feshi kaɗan-kaɗan ake juya shi, a jira ya daidaita kafin a sake taɓawa.

Me ya sa ba a saukar da sabon ɗaki zuwa digiri 18 ƙasa da sifili a rana ɗaya?

Saboda daɓen kankare. Sabon kankare yana riƙe da ruwa, idan ya daskare da sauri sai ya tsattsage. A babban ɗaki ana sauka zuwa ɗan sama da sifili, a tsaya kwanaki ana narkar da ƙanƙarar da ke taruwa a kwayil har ta ragu, alamar daɓen ya bushe, sannan a riƙa rage digiri kaɗan kowace rana. A wannan lokacin ake tabbatar da hitar bakin ƙofa da ta bututun zubar ruwa suna aiki, haka ƴar tagar daidaita iska da ke jikin bango. Iska tana tsukewa idan ta yi sanyi, ɗakin da ba shi da wannan taga ƙofarsa takan ƙi buɗuwa, bangonsa ma yana iya lotsawa ciki. Ƙaramin ɗaki mai daɓen fanal bai buƙatar wannan dogon jira.

Yaushe za a fara zuba kaya?

Bayan ɗaki ya kai sanyinsa, ya riƙe shi aƙalla kwana guda yana tsayawa yana tashi da kansa, kuma an ga narkar da ƙanƙara ta yi daidai. Sannan a shigo da kaya kashi-kashi, a kan katako, a bar rata tsakanin katan da bango, kada a tare gaban fanka. Ɗakin ajiya an lissafa shi ne don ya riƙe kayan da suka zo a daskare. Naman da aka yanka da safe aikin ɗakin daskarwa ne, mai sanyin digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili. Alluran rigakafi da yawa kuwa tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, daskarewa ma lalata wasunsu take yi.

Idan injin na amoniya ne fa?

Tsarin gwajin ɗaya ne, haɗarin ne ya bambanta. Amoniya, wato R717, tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili, tana da arha da ƙarfin sanyaya, shi ya sa manyan masana'antu suke son ta. Tana cin jan ƙarfe da tagulla, don haka bututunta na baƙin ƙarfe ne, geji da tiyon sauran gas ba sa yi mata. Tana ƙona ido da huhu, kuma ta fi iska rashin nauyi, saboda haka na'urar gano yoyonta da fankar fitar da ita a sama ake sa su, saɓanin R404A mai kwanciya a ƙasa. Kafin silindar farko ta shigo harabar, a tanadi abin rufe fuska mai matatar amoniya, da ruwan wanke ido, a gwada ƙararrawa, kowane ma'aikaci ya san ƙofar da zai bi. Wannan aiki ba na wanda ya koyi sana'a a kan firij da na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ba ne.

An yi gwajin da hunturu komai ya yi daidai. An gama ke nan?

Da saura. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, alhali injuna da yawa an ƙididdige ƙarfinsu ne a kan digiri 32 ko 35. Kondansan da ya yi wa injin kaɗan ba zai nuna kansa a watan Janairu ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarinsa kafin bazara ta iso. Ya kamata a rubuta a takardar kwangila cewa makanikin zai dawo a tsakiyar zafi, da rana tsaka, ɗaki cike da kaya, a wanke kondansa a sake ɗaukar dukkan awon. Masu kondansa mai aiki da ruwa su kai ruwan burtsatsensu a gwada, domin ruwa mai gishirin ƙasa yana yi wa bututu ɓawo.

Me mai wuri zai karɓa a hannu kafin ya sa hannu a takardar miƙa aiki?

Takarda mai kwanan wata da ke nuna matsin gwaji da tsawon lokacin da aka riƙe shi, da maikiron da bakyum ya tsaya a kai, da sunan gas da kilo nawa aka zuba, da irin man da ke ciki. A cikinta kuma a sami bolt da amfiya na kowane layi, da matsin sama da na ƙasa, da sufahit, da lambar da aka saita kowace na'urar kariya, tare da zafin gari a lokacin awon. Ya karɓi zanen waya da littattafan injin, a kuma liƙa kwafi a cikin akwatin wuta. Bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki a buɗe matatar bututun dawowa a ga abin da ta tara, a canza ta, a duba alamar danshi a gilashin leƙe, wadda a yawancin injuna kore ke nufin a bushe yake, rawaya kuma akwai ruwa. Kamfanoni da yawa suna neman wannan takarda kafin su amsa maganar garanti, kuma makanikin da za a kira bayan shekara biyu da ita zai gwada abin da gejinsa ya nuna masa. Ma'aikacin da zai riƙa kwana da injin shi ma a nuna masa yadda ake kashewa da kunnawa, a ba shi littafin da zai riƙa rubuta sanyin ɗaki da matsi safe da yamma.